Saurayin da Kwal Ya Rufe wa Fuska

Nirmal Mahato ya goge gilashin hoton, ya sake duban farin katin da ke ƙasansa. Gobe za a buɗe gidan tarihin garin a tsohon ɗakin jiran tasha, kuma katin nan kaɗai ya rage babu suna.

Hoton wani siririn saurayi ne a gaban kan jirgin ƙasa, shebur a kafaɗa, riga ta yi masa yawa, rawani ya rufe kunnuwansa. Kwal ya shafe fuskar, haƙora kawai ake gani. An ɗauke shi shekarar ambaliya, ko wadda ta biyo ta, abin dai ya daɗe.

Garin kuwa tun asali gida biyu ne, 'yan jirgi da 'yan rami. Tarapada, tsohon direban jirgi, ya ba da aron ƙararrawar tagulla. Jitu, wanda ya tsufa a ramin kwal, ya kawo fitilu da hulunan ƙarfe. Kowannensu ya rantse mai hoton jininsa ne, in kuma ba a rubuta sunan nasa ba, zai kwashe kayansa. In sun kwashe, sai bango da kujeru.

"Yayana ne, mai zuba wa injin kwal," in ji Tarapada. "Dubi tabon wuyan hannunsa. Ƙunar wuta ce."

"Yaushe ɗan jirgi ya taɓa yin baƙi haka?" in ji Jitu. "Ku da aikinku shan shayi da busa usur. Baffana ne, tabon rami ne."

"Ɓera, koma raminka."

Nirmal ma yana da nasa zaton, bai dai faɗa ba. Yana jariri dutse ya karya ƙafar ubansa. A zamanin, in mahaƙi ya kwanta, ɗan'uwansa kan shiga madadinsa don kada a kori iyalin daga gidan kamfani. Aka ce wani ƙanen uban, Budhan, ya zo daga ƙauye ya riƙe aikin har ƙafar ta ɗinke. Tun daga nan ba a ƙara ganinsa ba, ko a biki ko a makoki.

Ana cikin haka mahaifiyar Nirmal, Phulmani, ta shigo da gurasa da miyar wake, awarwaro na kaɗawa a hannunta. 'Yar mai ba jirgi hannu ce da ta auri ɗan rami, abin da gidajen biyu har yau ba su gama yafe mata ba. Kamar kullum, ta tsaya gaban hoton tana murmushi.

"Yaron nan yunwa yake ji," ta ce.

Tarapada ya rungumi ƙararrawarsa. Jitu ya fara zuba fitilu a buhu. Nirmal ya juya ga mahaifiyarsa.

"Inna, don Allah, ko Baffa Budhan ne?"

"Shi ne mana."

"Kauce, tsohuwa," in ji Jitu. "Me mace ta sani game da rami? Doka ma ta hana ku shiga."

"Ta hana kam," in ji Phulmani. "Ku ajiye kayanku, ba wanda aka kayar. Gidan jirgi ne ya haifa, gidan rami ya ɗauka."

Ta ture awarwaronta sama, ta ɗora wuyan hannunta kusa da na hoton. Ga jarfar ƙuruciya, ɗan fure mai ganye uku, nan da can iri ɗaya. Ƙararrawar ta sauka a teburi da kanta, buhun ya zube.

"Ubanka bai taɓa yin ƙane ba, Nirmal," ta ce. "Rigarsa ce dai ta yi mini yawa."