Muryoyin da Ke Cikin Kwali

An yi wata mata mai kula da ɗakin karatu na wani gari, wadda ta daɗe a aikin har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A ƙuryar ɗakin akwai kwalaye cike da kaset-kaset na muryoyin mutanen da: masaƙa, marina, masunta, ungozomomi, da mata masu waƙar niƙa. Wani malami ne ya bi ƙauyuka da rikoda yana ɗauka, tun yana da ƙarfin taka keke. Zafi ya sa zaren wasu ya soma mannewa, 'yan takardun da aka liƙa musu kuwa kyankyasai sun lashe, abin da ya saura tawada ta koɗe. Da aka kawo kwamfuta da na'urar juye murya, matar ba ta ce ita ta wuce koyo ba. Ta je horo ta zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, ta yi tambaya a yi dariya, ita ma ta taya su, har hannunta ya faɗa.

Ran da ta juye kaset na farko, sai ga muryar wata tsohuwa tana bayanin yadda ake gasa cibiyar jariri, tas, kamar tana zaune a kan tabarma kusa da ita. Matar ta yi hamdala. Amma da ta duba allon kwamfutar, lamba kawai aka raɗa wa muryar. Wace ce wannan? 'Yar wane gari ce? Duk duniya mutum ɗaya ya sani, shi ne malamin nan da ya ɗauka, ga shi ido ya tafi, jiki ya ƙi, kullum yana kishingiɗe a zaurensa. Shugabanta ya ce ta juye duka tukuna, suna ya biyo baya, tunda zare ba ya jiran kowa. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Sai dai ta auna ta ga abu biyu ne ke ƙoƙarin kuɓuce mata, zare da tsoho, kuma in tsohon ya riga tafiya, murya za ta rage ba mai ita.

Sai ta raba yininta. Da safe ta zaɓi kaset ɗin da suka fi jin jiki ta juye, bayan la'asar ta zuba su a waya ta nufi zauren. Ta gaishe shi, ta zauna daga bakin ƙofa, ta kunna. Ya karkata kai ya saurara, can sai ya murmusa ya ce, "Ai wannan matar sarkin ruwan bakin gulbi ce. Sai da ta ci goron aljihuna kaf kafin ta buɗe baki, da ta buɗe kuma har batir ya mutu ba ta rufe ba." Ita ko tana rubutawa: sunan mai magana, garinsu, sana'arta, da shekarar, ko da ya ce shekarar da aka yi fara ce. Ta kan ƙara da kalmomin da mai nema zai iya zuwa da su, na mutanen birni da na ƙauye. Ba ta tashi sai ta tambaye shi ko mai maganar ta yarda kowa ya ji, don wasu magungunan gida a kan amana aka faɗa masa. Irin waɗannan ta yi musu alama, ba ta sa su a intanet ba. Kowace murya kuma ta ajiye ta wuri fiye da ɗaya, har da babban ɗakin karatu na birni, saboda a wajen horo ta gane ita ma kwamfuta tana da irin tata garar. Aka yi ta cewa aikinta nawa gare shi. Ba ta yi musu ba.

Damina na tsaka malamin ya cika, Allah ya jiƙansa. A lokacin akwai sauran kwalaye a ƙurya da ba a kai gare su ba. Ta juye su duka, ba zare ɗaya da ya salwanta, amma suka zauna da lambobinsu. Bayan nan wata ma'aikaciyar asibiti ta zo, ta ce tun tana ƙarama take jin an taɓa ɗaukar kakarta a rikoda, ita kuwa ba ta tashi ta same ta ba. Mai kula da ɗakin ta tambayi sunan ƙauyen ta buga a kwamfuta. Kafin baƙuwar ta gyara zama, kakarta na magana a ɗakin, har da tarinta da kukan zakara a bayan gida. Baƙuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a sake kunnawa.

Su kuwa marasa suna, har yau kowace ranar kasuwa matar na ɗora lasifika a taga ta kunna su, ko Allah zai kawo wanda zai tsaya ya ce wannan ubana ne. Jifa-jifa akan samu. Galibi dai mutane su ɗan saurara, su gyara kayansu, su wuce. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.