Ɗakin Zanzaro a Jikin Rumbu

Wata la'asar a Nahuce, Baba ya sa ni sharar gindin rumbu. Na ga ɗakin zanzaro manne a jikinsa, na fasa. Korayen tsutsotsi suka zubo, suna ɗan motsi.

"Baba, kiwonsu shike yi?"

Ya tsuguna da ƙyar, dafe da cikinsa da ya daɗe yana ciwo. "A'a. Farko shi harbe tsutsa, sannan shi aza mata ƙwai, sannan ɗan shi ci ta sannu-sannu. Ba shi barin ta mutu sai ya ƙoshi. Ƙarasa shararka."

Baba bai ga girbin shekarar ba. Jiya a Gusau likita ya fara jero mini matakan ciwona, irin na Baba. Na ce, "Bari, likita, na san yadda abin ke tafiya."