Allo na Biyu

A garinmu Zakka, shekarar da mahara suka kore mana shanu, na yi baitina na farko, ina kukan wata jar saniyarmu. Takarda sai wurin fatake, don haka na rubuta shi a bayan allon karatuna na Alƙur'ani.

Bayan la'asar Baba ya juya allon ya gani. Na san yau sai bulala. Ya karanta a hankali, sannan ya turo mini buta.

"Wanke. Maganar Allah ba ta zama allo ɗaya da tamu."

Ina wankewa ina hawaye. Shi kuwa ya jawo icen aduwar da ya ajiye zai sassaƙa wa Inna kujera, ya ɗauki gizago. Har yau ina jin ƙamshin icen nan. Kafin magariba ya miƙo mini sabon allo.

"Ga naka. Mayar da baitin saniyar a kansa. Kuma ai ka manta ba ka sa farin goshinta ba."

Yanzu ina ɗalibta a Birnin Katsina, manyan malamai na gyara mini waƙa. Amma kowace waƙa a allon nan take fara zama. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Inna, da ta rasa kujerarta ta ci gaba da zama a tabarma.