Harsashi a Gadon Baya

"A naɗe tabarmin nan, makoki ya ƙare," in ji Kawu, wanda ya wanke gawar ɗan ƙanwarsa. "A gadon baya harsashi ya same shi. Sojan da aka harba a baya, ai gudu yake."

Masu ta'aziyya suka fara laluben takalma. Amma Inna, uwar mamacin, ta take bakin tabarmar.

"Yaya, ni na haifi yaron nan. Ko kare bai taɓa korarsa ba. Mai tafiya ya tafi, ni ina nan."

Sai ga wani soja, abokin aikin mamacin, ya yi sallama, yana dogara sanda, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Ya zube gaban Inna.

"Samari, faɗa mata gaskiya," in ji Kawu. "Gudu yake ko ba gudu ba?"

"Gudu yake, Baba, gudu na gaske." Sojan ya share ido. "Ni ya koma ya ɗauko cikin ruwan wuta. Na ce ya goya ni, ya ƙi, ya rungume ni a ƙirji. Wai bayansa ya fi nawa faɗi."

Inna ta dubi Kawu.

"Yaya, ƙaro tabarma."