Kujerar Fijon Baba

Ina 'yar firamare Baba ya ce zai kai mu Agadas, ni da yayyena, mu ga doguwar hasumiyar masallaci da kwazazzaban duwatsun Azbin. Sabuwar fijo gare shi, ba ya yarda kowa ya goge ta sai shi.

A bodar Jibiya, muna jiran a ɗaga mana shinge, warin fetur ɗin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a galan, ya cika motar. Na kwara amai a kujerar baya.

Baba bai daka mini tsawa ba. Ya ɗauko ruwan guzurinmu ya wanke kujerar a tsanake, ina tsaye cikin rana da ƙazanta a haɓa. Sannan ya damƙa ni ga wani direba maƙwabcinmu, ya ce ya mayar da ni Katsina.

Na ce, "Baba, hasumiyar fa?"

Ya ce, "Hasumiya ba ta zuwa ko'ina. Kujera kuwa in ta ɗau wari, ta ɗauka ke nan."

Har yau ban ga Agadas ba. Yanzu ni ke kai shi asibiti, kuma yakan yi amai a motata. Bakinsa nake fara gogewa, a hankali, ina jira ko zai tuna.