Darakta Ya Ƙi Sa Hannu

Tun da aka zauna Darakta yake ta dauriya, amma da ya ga injiniyar baƙin ta miƙa hannu ta janye gwangwanin sukari daga gaban Mai Teku, sai ya kau da kai. A da, shi ake yi wa haka.

Taron sa hannu ne. Darakta ke shugabantar sabuwar tashar tsandauri, inda jirgin ƙasa zai riƙa sauke kwantenoni don 'yan kasuwa su huta da zuwa bakin ruwa. Ƙasarsu ba ta da teku, maƙwabciya ke da shi, ita ce kuma ta turo tawaga ƙarƙashin shugaban tasharta ta jiragen ruwa. Darakta bai taɓa kiran mutumin da muƙaminsa ba, ko a zuci. Mai Teku yake ce masa, sai ka ce shi ya haƙa tekun da hannunsa.

A daman Mai Teku injiniyar tawagar take zaune. Ita ta tsara aikin kaf, daga inda za a ɗora kwantena har inda za a sauke ta. A gidan Darakta ta koyi karanta taswira, a kan teburin cin abincinsa. Sai wata rana wannan mutumin ya yi sallama da zaƙin bakinsa, kafin a ankara ta tsallaka iyaka ta koma gidansa. Tun daga nan gida ya yi wa Darakta faɗi.

To wai me ta gani a jikinsa? In furfura ce, kowa na da tasa. In kuwa tumbi ne, na Mai Teku ya fi.

Ta taga ana hango injinan ɗaga kaya tsaye da sabon fentinsu, ba su taɓa ɗaga ko buhu ba. Direbobi da 'yan dako sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna jiran labari. Darakta ya fi kowa sanin abin da suke jira. Amma da aka turo masa yarjejeniyar, sai ya rufe ta ya ture gefe.

"Ban gamsu da sashen binciken kaya ba."

Mataimakinsa ya sunkuyo ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, ai kai ka rubuta sashen nan."

"To, na sake shawara."

Sai a lokacin injiniyar ta ɗago ta dube shi, abin da yake nema tun safe ke nan. Amma da ta buɗe baki, "Mai girma Darakta" ta ce. Ta yi masa bayani dalla-dalla, cikin ladabin da ake yi wa baƙo, cewa bincike ɗaya a tashar ya wadatar, ba sai an sake tsayar da jirgi a kan iyaka ba. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Aka tashi hutu. Mai Teku ya tako yana washe baki, ya tura masa waya har hanci. Hoton wani yaro ne, idanun injiniyar sak.

"Ka ga ja'irin? Wallahi ba ya barci sai a kafaɗata."

"Allah ya raya," in ji Darakta, kishi na cin sa kamar ya fasa wayar. Ya ƙaƙaro tari mai ƙarfi ko za ta waiwayo. Mataimakinsa ne ya rugo da ruwa. Mai Teku kuwa gyaran murya kawai ya yi, sai ga ta da ƙwayar magani a tafin hannu.

Da aka dawo, an riga an jera wa shugabannin biyu kujeru kafaɗa da kafaɗa a teburin sa hannu, masu ɗaukar hoto sun gaji da tsayuwa. Mai Teku ya daina murmushi. Ya ce jirginsu na yamma ne, in ba a gama yau ba, sai kuma wata shekarar, in ma gwamnatocin ba su sauya ra'ayi ba.

Darakta ya naɗe hannu a ƙirji. Ya san in ya ƙi, ya kashe mata aikin da ta sha wuya a kansa, ba kuma lallai ta sake duban fuskarsa ba. In ya yarda, da yamma za ta bi bayan wannan mutumin ta tafi. Shi dai so yake ya sani ko yana da sauran wuri a zuciyarta, ko an riga an maye gurbinsa.

Ta kwashi takardun, ta zo ta tsaya a tsakaninsu. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta zare alƙalami. Idonta ya kawo ruwa, ta mance da tawaga, ta mance da masu hoto.

"Haba Baba, don Allah a gama abin nan mana."

Hannu biyu suka miƙo a tare. Ta tsallake na Mai Teku, uban mijinta, ta danƙa alƙalamin a hannun Darakta, wanda ya haife ta.