Wankin Madubin Uwani

Tun da aka kafa dokar kai madubin hangen taurari ofis a wanke duk shekara, Uwani ba ta taɓa saɓawa ba. Yau ta je karɓo nata.

Ma'aikacin ya miƙo mata yana murmushi. "Hajiya, ga shi fes. Jan tauraron nan na gabas da kike ɗaukar hotonsa, ki daina wahalar da kanki. Datti ne a gilashi."

Ita kuwa ko mijinta ba ta yi wa zancen tauraron ba.

Bayan magariba ta hau saman soro, ta saita madubin gabas, ta leƙa. Wayam. Ta ɗago kai ta duba da idonta.

Yana nan. Har ya ƙara girma.